Malam a Cikin Ganuwar Yumɓu

Kai da kake saurin yanke wa mutanen dā hukunci, gyara zama ka ji wannan.

An yi wani malamin tarihi, mutumin kirki, sai dai bakinsa ba linzami. Duk shekara in ya zo kan labarin wani tsohon birni, sai ya ce sarkin garin wawa ne: yana zaune cikin ganuwa mai kauri, mahara sun kewaye shi, ya buɗe ƙofa ya fita fili aka gama da shi. Abin da ya sa zancen ya yi nauyi, matar malam, maginiyar tukwane, 'yar garin ce, kuma jinin sarkin nan ce. Har 'ya'yan cikinta sun fara yi wa kakansu dariya. Abin yana ci mata rai ƙwarai, amma ina ita ina musu da mai littattafai? Rannan da hantsi ya ce yana son wasan da zai koya wa ɗalibai dabarun yaƙi, ta taimaka ta gina masa birnin. Ta ce to. Ta kwaɓa yumɓu ta tayar da ganuwa a tsakar gida, ƙofofi huɗu, ta ja rafi da yatsa a bayan gari. 'Ya'yan tsamiya suka zama mayaƙan birni, tsakuwa mahara. Dokar wasan, kowa ya motsa 'ya'yansa uku ya bar wa ɗan'uwansa, wanda aka sa a tsakiya an cinye shi. Sai ta dire ƙwaryar ruwa a cikin ganuwa, ta ce rijiyoyin garinsu ƙafewa suke da bazara, ita kanta da tulun rafi a ka ta girma. Don haka kowane zagaye mai birni ya kwashe ludayi ɗaya ya zuba wa kaji, in ƙwarya ta ƙare kuwa, 'ya'yan tsamiya biyu su riƙa mutuwa, sai fa in ya kai rafi. Malam ya yi dariya ya ce littafi bai kawo wannan ba, amma ya yarda. Shi ya zaɓi birni ma, wai zai nuna mata yadda mai hankali ke zama daram.

Baiwar Allah ko kallon ƙofofin ba ta yi ba. Ta jera tsakuwarta a bakin rafi, ta jawo wata tukunya tana shafe mata baki. Malam ya zuba ludayi, ya sake zubawa, kaji suna ta shagali. Ya ce ta kawo hari mana, ta ce ai ba sauri take ba. Ya tsokane ta da tsoro, ta ce ta ji. Can ludayi ya fara kartar gindin ƙwarya. Ya cire 'ya'yan tsamiya biyu da hannunsa ya ajiye gefe, ya ƙara biyu, ya ƙara biyu, alhali ko tsakuwa ɗaya bai taɓa ba. Wallahi sai ga gumi a goshin malam, a kan 'ya'yan tsamiya! Ya duba gabas ya duba yamma, ba dabara. Kafin ya ankara, hannunsa ya kai ƙofar gabas ya turo sauran jama'arsa duka zuwa rafi. Ta ajiye tukunya ta tsince su ɗaya bayan ɗaya.

Ta dube shi tana danne dariya ta ce, "Malam, ina za ka da mutane, ga ganuwa mai kauri?"

Kunya ta rufe shi, ya sunkuyar da kai. Da ya ɗago ya ce, "Ki yafe mini. Ni ko azahar ban kai ba na buɗe ƙofa. Shi kuwa sarkin, wata bakwai ya yi yana kallon mutanensa suna mutuwa da ƙishi."

Ta share ido da bakin zane, ta miƙa masa ruwa ya sha. Tun daga ranar, duk ɗalibin da zai faɗi wata magana a kan sarkin nan, sai malam ya fara zaunar da shi cikin ganuwa ya damƙa masa ludayi.

Shekara ashirin yana karanta labarin bai gane ba, hantsi guda ya ishe shi. Gaskiyar Hausawa da suka ce jiki ya fi kunne ji.