Almakashin Yaya Kulu

Tun da aka maƙala wa sojoji sabon anini a kwalar riga, duk wanda ya ƙi bin umarni sai kwalar ta shaƙe shi.

Ranar kasuwa aka turo Laftanar Ɗanjuma ya rushe rumfar ɗinkin yayarsa Kulu. Ya tsaya a ƙofa ya kasa, jijiyoyin wuyansa suna tashi.

"Yaya, ki fita," ya ce da ƙyar. "Wallahi ba ni ba ne."

Kulu ta ci kwalarsa kamar yadda take yi masa yana yaro, ta jawo almakashi.

"Ɗaurin rai-da-rai ne fa, Yaya," ya raɗa mata.

"Na sani. Ɗaga haɓarka, Auta, kada in haɗa da ɗan gemun nan."