Maki Shida ga Karen Ramin Kwal

Ranar Lahadi ce, ƙarfe biyu na rana, ranar da, saboda dokar hana hayaniya, ko ƙusa ba a bugawa a bango a garin Herne. Detlef Pawlak yana zaune a ɗakinsa mai taga ɗaya, ya toshe kunnuwa da abin saurare, yana jin faifan karo na tara. Shayin zumar da uwarsa Hannelore ta ajiye masa har ya huce.

Faifan farko ne na wasu masu kiɗan ƙarfe, kiɗan nan da jita ke ihu, ganga ke gudu, mawaƙi yana gurnani kamar an taka masa wuya. Sunansu Zechenhund, wato Karen Ramin Kwal. Su huɗu ne, kuma ba wanda ya san fuskarsu. Hular masu haƙar kwal suke sawa da takunkumi, su shafe wuya da baƙi.

A mujallar da Detlef yake rubuta wa sharhi ba a zaɓen faifai. Duk Litinin sai a zuba su a kwali, kowa ya kau da kai ya sa hannu. Abin da ka ciro naka ne, babu musanya. Shi wannan ya ciro. An ce sai da ya nemi kujera.

Ga inda abin ya matse. Masu bikin kiɗa na bazara ba sa gayyatar sabbin makaɗa sai mujallar ta ba su maki shida cikin goma. Mai gangar yaran ya riga ya ajiye aikinsa na gidan burodi saboda bikin nan. Detlef kuwa shekara ashirin da biyu yana sharhi bai taɓa ƙara wa kowa ko rabin maki don tausayi ba. Ba mata, ba mota, sunan nan na rashin sassauci kaɗai ya tara.

Waya ta yi ƙara. Wiebke ce, editarsa.

"Mahauci, ka gama yanka su? Ƙarfe biyar nake rufewa."

"Ba wa wani mana, Wiebke."

"Kwali ya ba ka. Kai ka kawo dokar, ka manta? Wai me ya sami muryarka, kamar tsohon hankaka?"

"Mura ce."

Ya tashi, taku uku ya kai bango, ya juyo. Maƙwabciyar ƙasa ta buga silin da tsintsiya. Ya zauna.

Ya rubuta tara, ya goge. Ya rubuta uku, ya goge. A waƙa ta huɗu akwai wurin da numfashin mawaƙin ya yanke, aka rufe da ƙarar jita. Wani ba zai ji ba. Shi kam tun kafin a zo wurin yake runtse ido.

Hannelore ta turo ƙofa ba sallama, da faranti na kek ɗin tuffa. Shekararta saba'in da takwas, ba ta da lokacin kwana-kwana.

"Gardi mai shekara hamsin da ɗaya, ko bayan kunnensa bai iya wankewa ba. Kiɗan yana da kyau ko babu?"

"Yana da kyau, Mama."

"Muryar fa?"

Ya tura farantin kek ɗin gefe.

"To rubuta abin da ka ji, ɗana. Ni ban haifi maƙaryaci ba."

Biyar saura kwata ya rubuta: "Kiɗa maki tara. Murya maki uku. A haɗa a raba, shida. Yaran nan uku za su yi nisa, amma sai sun sallami mawaƙinsu kafin bazara. Ya tsufa, numfashinsa ya ƙare, kuma ya sani."

Ya aika. Wiebke ta amsa nan take: "Ka cece su, ka binne mutum ɗaya. Allah ya sa ba shi da uwa."

Hannelore ta karanta ta kan kafaɗarsa, a hankali, da yatsa. Ta shafa masa kai. Sannan ta durƙusa da ƙyar, ta jawo hular kwal da takunkumin daga ƙarƙashin gadonsa, ta ce, "To, ka kori kanka. In wanke musu waɗannan, ko haka za ka mayar?"