Shuɗin Kati

Tun da aka kafa dokar, duk macen da ciwon dajin mama ya kashe mahaifiyarta sai ta je asibiti a yi mata hoton mama sau ɗaya a shekara, ba ƙari. Na'urori biyu ake gwadawa, don haka ƙuri'a ake ja a bakin ƙofa: kowace na'ura da launin katinta. Ba a faɗin wadda ta fi gani, amma mata sun lura matan likitoci kullum shuɗin kati suke samu.

Ranar Talata Uwani ta ja shuɗi, ƙanwarta Tasalla ta ja fari. Suna kan layi Uwani ta musanya katunan.

"Yaya, me ya sa?"

"Yaranki ƙanana ne. Shiga kawai."

Da azahar aka miƙo musu takardu: dukansu lafiya ƙalau, sai baɗi.

Suka sauka a ƙofar gida. Sannan Uwani ta kama hannun Tasalla, ta kai shi ƙarƙashin hijabinta, kan wani ƙullutu mai tauri kamar ƙwallon dabino.

"Wata uku ke nan," ta ce. "Na ɗauka abin da hannu ya ji, kowace na'ura za ta gan shi."