Sitiyarin Alhaji Mahamudu

Sidiku makaniki ya kama sitiyarin da hannu biyu ya jijjiga, sai ga shi yana lilo hagu da dama kamar haƙorin da ya kusa fita. Ya yi tsaki.

"Hajiya, wannan mota ya tsufa fa."

"Na san shekarunta, Masta. Kai dai ka gama kafin a idar da Azahar."

Sahadatu ke nan, 'yar mai motar. Tun hantsi ta bar wa maƙwabciya teburin doyarta a kasuwar Salaga. Ta kasa zaune ta kasa tsaye, tana kai-kawo tsakanin ƙofar gida da gindin darbejiyar da a-kori-kurar take, idonta na kan hanyar masallaci.

Mahaifinta, Alhaji Mahamudu, ya yi shekara arba'in yana lodin doya daga Salaga, ya bi ta Yendi, ya sauke a Bawku, ya dawo da albasa. Yanzu ya haura tamanin, amma je ka gaya masa. Ya ce bayan Azahar zai kama hanya, kuma shi in ya ce zai yi abu, sai dai ka matsa gefe.

Shekaranjiya sitiyarin ya fara rawa a hannunsa. Ya sauko a fusace, ya ce tunda duk Salaga babu mai hannun gyara, zai je Yendi ya ɗauko makanikinsa na da. Bai jira kowa ba, ya kama hanya da ƙafa. Sai yamma lis wani mai babur ya tsince shi mil shida daga gari, takalmi ɗaya ya ɓace, ƙafa tana jini. Ranar Sahadatu ta yi kuka har idonta ya kumbura. Ta sani sarai, in ya dawo yau ya tarar da sitiyarin nan yana rawa zai sake tafiya, kuma ba kullum ake dacewa da mai babur ba.

Sitiyarin irin wanda ake ɗagawa a sauke ne, gwargwadon tumbin direba. Ƙusoshi huɗu ke riƙe da wuyansa can ciki, kuma kafin ka kai gare su sai ka tuɓe komai. Sidiku ya ɓalle murfin oda, ya kwance babban noti, ya zare sitiyarin ya ajiye kan kujera. Ya ciro farantin da ke bayansa, ya janye sandar sigina da wayoyinta. Duk abin da ya cire sai ya jera kan buhu bi da bi. Wata kaza ta fito daga ƙarƙashin motar ta nufi buhun, ya kore ta da sifana.

"Alhaji na kama shi in zai hau," in ji shi. "Duk nauyinsa nan yana zuwa."

"Motar ta yi masa tsawo yanzu," in ji Sahadatu.

Ladan ya kira salla daidai lokacin da Sidiku ya kai ga ƙusoshin. Uku sun saki, sun koma da ɗauri kaɗan. Ta huɗun kuwa yana taɓa ta ta faɗo masa a tafin hannu, gida biyu.

Ya zazzage jakarsa a ƙasa. Wannan ƙusa ta yi kauri, waccan ta yi gajarta. In aka bar uku, kwana biyu ya yi yawa sitiyarin zai koma gidan jiya. Sabuwa kuma sai an aika Tamale. Sahadatu ta sake duban hanyar masallaci, don daga nan tana jiyo liman ya tayar da kabbara.

Sidiku ya kwanta rigingine ya shige ƙarƙashin motar. Can sai muryarsa ta fito.

"Hajiya, akwai ɗaya daidai shi. Amma na wajen birki ne."

"Ciro."

Ya leƙo da kai ya dube ta.

"Na ce ka ciro, Masta."

Ya ciro. Ya goge tsatsa da tsumma, ya shafa mai, ya ɗaure ta tamau sai da jijiyar wuyansa ta tashi. Sandar sigina ta koma, faranti ya koma, babban noti ya zauna. Yana danna murfin oda ke nan sai ga tsohon ya kunno kai kwanar gidan, yana ɗingishi, carbi a hannu, makulli na reto a wuyansa.

Alhaji bai kula kowa ba. Ya kama sitiyarin ya ja jikinsa sama, ya zauna. Ya jijjiga shi hagu, ya jijjiga dama. Ya ɗaga, ya sauke. Ko motsi. Sahadatu ta zuba masa ido har sai da ta ga fuskarsa ta saki.

"Na gaya miki, wannan aiki sai mutanen Yendi," in ji shi.

Sidiku, wanda aka yanke wa cibiya a Salaga, ya haɗiye maganarsa ya ce haka ne, Alhaji.

Tsohon ya zura makulli, ya yi bisimilla, ya gyara madubi. Ya leƙo ta taga.

"Sahadatu, me zan taho miki da shi daga Bawku?"

"Albasa, Baba. Allah Ya kiyaye hanya."

Ya ɗaga mata hannu, ya maida ido gaba, ya fara karya kwana a hankali. Ita kuma ta jawo kujera ta zauna a inuwa, karo na farko tun safe. Ta san nan zai wuni har La'asar, yana ratsa Yendi da Garu, a cikin motar da shekara tara ke nan ba inji ba taya, tana zaune kan bulo huɗu a gindin darbejiya.