Kofi na Uku

Kofi na uku ne ya kunyata ta.

Na farko lemon kwalba ne. Auta ta tsoma tsinken gwaji a ciki, fitilar na'urar ta yi ja. Na biyu maganin tarin yara, nan ma ja. Farfesa da mutum biyu daga kamfanin magani suka gyaɗa kai.

Shekara biyu ta yi tana haɗa abin nan: ɗan akwati kamar na ashana, da tsinke mai ɗauke da enzayim, wani sinadarin jikin halitta da bai kula komai sai asfatam, zaƙin nan da ake zubawa a madadin sukari. In ya same shi, fitila ta yi ja. In sukari ne na gaske, ta tsaya kore. Idan gwajin yau ya yi kyau, kamfanin zai karɓi na'urar, ya ɗauke ta aiki.

"Wannan kuma ruwan sukari ne zalla," in ji ta, har da murmushi. "Ku duba, ba za ta motsa ba."

Ta tsoma. Ja.

Ta canza tsinke. Ja. Ta canza batir. Ja dai.

Farfesa ya zare tabarau. "Kin tabbata sukari ne?"

"Da hannuna na ɗebo shi, Farfesa."

Babba daga cikin baƙin ya rufe littafinsa. "'Yata, na'urarki kowa ta gani ɓarawo ne. A ƙara gyara."

Ba ta san yadda ta tattara kofunan ba. A mota ta kifa kai a kan jaka. Ta bi lissafinta daga farko har ƙarshe, ba ta ga inda ta kauce ba. Sukarin kam ba ta shakkarsa, don ta san inda ya fito.

Shekara huɗu ke nan Baba na fama da ciwon sukari, ita ce kuma ta kafa dokar hana sukari shiga gidan. Makon jiya tana neman ƙamus a ɗakinsa, sai ga gwangwani a bayan littattafai, cike taf, an ɓoye shi da kyau, ko tururuwa ba su gano shi ba. Ta kai wa Umma, sai ta ga ko gezau Umma ba ta yi ba. Ashe ta sani.

A gaban yayanta da matarsa Auta ta buɗe baki. "Umma, ke za ki kashe shi. In ba ki yi karatu ba, ai sai ki saurari waɗanda suka yi."

Umma ta dube ta, ta karɓi gwangwanin, ta mayar inda yake. Tun daga ranar, gaisuwa kawai ke haɗa su.

Shi kuwa Baba ko a jikinsa. Kullum ya dawo daga asibiti yana dariya, wai likita ya yaba masa. "Jikina ƙarfe ne, Auta. Ko da yake sukarin zamani ma duk algus ne, cokali guda ba nauyi."

Yau da safe ta tuna ba ta sayi sukarin gwaji ba, sai ta faki ido ta ɗebi cokali biyu daga gwangwanin.

Ta iso gida rana tsaka, lokacin da ba a saba ganinta ba. Baba na shago. Tana so ta wuce ɗakinta kada kowa ya tambaye ta yadda aka yi, sai ta ji motsi a ɗakinsa. Ta tura ƙofar.

Umma ce durƙushe a gaban kantar littattafai, gwangwanin a buɗe, tana zuba wani farin gari a cikinsa daga wata leda mai hoton ganye. A jikin ledar akwai kalmar da Auta ta rubuta sau ɗari a kundin bincikenta: asfatam.

Umma ba ta ko ɗago ba.

"Rufe ƙofar, 'yar boko, kar ki tona ni. Shekara huɗu ke nan babanki na satar sukari, bai taɓa shan ko ƙwaya ɗaya ba."