Kwana Uku Babu Ruwa

"To ka yi murna mana, Ramzi," in ji Nuha, tana kaɗe ƙurar siminti daga gyalenta. "Haɗin kankaren da na ƙirƙiro ya gaza, tubalan gwajin duk sun farfashe. Na haƙura da digirin nan. Ka gaya wa Baba a sa mana rana."

Ramzi, saurayinta kuma mai kula da ɗakin gwajin sashensu a jami'a, ya kasa ɗaga kai. Shekara biyu yana jiran wannan magana, don ta ce ba biki sai ta gama digiri, yau ta zo masa kamar mari.

"Injiniya..."

"Yau kuma Injiniya na koma? Ina Nuhan?"

"Haɗinki lafiyarsa lau," ya ce. "Ya kamata tubalan su yi kwana ashirin da takwas cikin ruwa. Lokacin da muka tafi garinku Asyut neman aurenki, ɗoki ya sa na bar tankin yana yoyo. Kwana uku suka yi a bushe. Da na dawo na cika shi, na yi shiru."

Ta juyo ta fuskance shi. "Ina kuka a gabanka, ina cewa ba ni da ƙwaƙwalwa, kana miƙo mini shayi?"

Ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Ta zare zoben baikon a hankali, ta jefa a aljihu.

"Nuha, cirewa kika yi ke nan?"

"Ba a kwaɓa siminti da zobe. Sauran kuma, ka tambaye ni bayan wata guda."

Ta ɗauki bokiti ta nufi wajen yashi, don ta sake kwaɓa haɗin.