Tamada Ta Tafi Coci

Tun da ƙafafun Tamada suka ƙi ɗaukar ta, ɗanta Andrew, masunci a wani ƙauye kusa da Wara, ya mai da zaurensu wurin ibadar Lahadi. Cocinsu yana tsallaken tafki. Mutum goma sha huɗu ke zuwa zauren, su yi waƙa, su yi addu'a, su watse kafin azahar.

Sai 'yan bindiga suka afka wa wani gari can nesa. Kwamitin tsaron ƙauyen ya zauna, ya gano inda haɗarin yake: an hana taron ibada na fiye da mutum biyar a cikin gida, sai da takardar izini. Biki da kiɗa kuwa dokar ba ta ambace su ba.

Andrew ya je wurin mai unguwa Yakubu, ya durƙusa, ya yi bayanin ƙafar tsohuwa.

"Andrew, ba don ku aka yi ba," in ji Yakubu. "Ko Safiya matata an hana ta karatun mata. Ka ji na yi magana?"

"Ranka ya daɗe, Inna ba ta da bindiga."

Yakubu ya yi dariya, ya ce shi ma ya sani. Takarda dai sai shugaban kwamiti ya sa hannu, shi kuwa yana Birnin Kebbi wajen taron zaman lafiya.

Lahadi uku suka wuce. Tamada ta daina cin abinci sosai. A ta huɗu ta ɗaura zanenta mai kyau, ta ce ba za ta mutu da ƙishin addu'ar jama'a ba, a kai ta coci. Ruwa ya cika a lokacin, ya rufe kututturan itatuwan da tafkin ya haɗiye. Andrew ya san haka. Ya goya ta har cikin kwalekwalen masu zuwa coci.

A tsakiyar ruwa suka hau kututture, kwalekwalen ya kife. Kowa ya yi iyo ya fita, ban da ita. Andrew ya riƙe ta, zanen kawai ya rage a hannunsa. Sai bayan kwana biyu aka ga gawar.

Kwamiti ya sake zama, ya yi ta'aziyya, ya hana tsofaffi shiga kwalekwale.

Jama'a, tsaro wajibi ne, amma kafin ku hana mutane yi wa Allah sujada a gidajensu, ku je ku duba su wa ke zaune a ciki. Dokar da ba ta bar ƙofa ga mai rauni ba, shi take fara kashewa.